Shamuwar da Baba Kolo Ya Gani

Akwai wani tsohon tela a Tudun Wada, nan cikin Minna, ana ce masa Malam Sanda. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakansa garin, shi kuwa keken ɗinki ya gada a wajen mahaifinsa. Mutum ne mai faran-faran, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya yi masa baki. In ya ji labari da safe, kafin azahar masu tumatir na Kasuwar Kure sun ji, kuma da ƙarin gishiri.

Abu ɗaya ne ke sa Malam Sanda ya yi shiru a duniya, shi ne kallon tsuntsaye.

Na san wasunku za su ce me ake da shi na kallo a Minna in ban da zafi da keke napep. To, ku ne kuke tafiya kai a sunkuye kuna danna waya. Da kuna ɗaga kai, da kun ga abin da Malam Sanda yake gani.

Abokinsa a wannan sha'ani shi ne Baba Kolo, wani manomi Kirista da ke zaune can gefen gari, inda gidaje suka fara cin gonaki. Tun suna samari suke tare. Kusan kullum da sassafe, in Sanda ya idar da sallar asuba, Kolo ya gama addu'arsa, sai su haɗu a kan wani faffaɗan dutse kusa da layin dogo, suna fuskantar wani ƙaton icen maɗaci.

A nan suke zama har rana ta fara zafi. Balbelu su wuce farare tas suna bin shanu. Cilakowa ta zo da ƙaton bakinta, ta yi ta ƙorafi a kan reshe. Shirwa na shawagi can sama ta wajen mahauta. Wani lokaci kurege ya fito kan duwatsun layin dogo, ya tsaya da ƙafa biyu yana kallonsu kamar su ne baƙi a wurin. Akwai ma wani ƙaton guza da ke shan hantsi a bakin rafin da ke ƙasa, wanda Sanda ya laƙaba wa suna Mai Unguwa, don ba ya motsawa sai ya ga dama.

Ba sa harbi, ba sa kafa tarko. Kallo kawai suke yi, su yi gardama, su tashi ransu fari.

Amma akwai gasa ɗaya a tsakaninsu, kuma ita ce ta daɗe tana ci wa Malam Sanda tuwo a ƙwarya.

Duk shekara in damina ta matso, shamuwa sukan ratso ta Minna, su yada zango a kan maɗacin nan kafin su wuce arewa. Ga wanda bai san shamuwa ba, tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu, baƙa wuluk, sai cikinta ne fari. Mutanen unguwar su Kolo kuwa sun ɗauki wata al'ada. Ko ruwan farko ya sauka, ba mai sa irin gyaɗa ko masara a ƙasa sai Baba Kolo ya ce ya ga shamuwa. Sun sha wuya a hannun ruwan farko, wanda kan jiƙa ƙasa ya ɗauke, iri ya tsiro rana ta ƙone shi.

Kuma duk shekara Kolo ke fara gani. Sanda ya yi sammako, ya yi naci, har ƙifta ido ya rage, amma sai ya ji Kolo ya ce a hankali, cikin Hausarsa ta Minna da ba ruwanta da namiji ko mace, "Sanda, ga shamuwa ya zo."

Daga nan sai teburin Rilwanu mai shayi, inda Kolo zai ce wa jama'a, "Ku yi masa uzuri. Tela ne, idonsa ya ƙare a kafar allura." A yi ta dariya. Sanda ma ya yi, amma tasa ba ta wuce leɓe.

Abu na biyu da ke ran Malam Sanda shi ne burtu. Tunda yake bai taɓa ganinsa da rai ba, sai busasshen kansa a shimfiɗar masu magani, ko a goshin maharba, waɗanda ke ɗaura shi su yi rarrafe don su yaudari namun daji. Yakan ce, "Ni dai Allah ya sa kafin in mutu in ga burtu yana tafiya da ƙafarsa." Kolo sai ya ce, "Amin," ya sake zance.

A wannan shekarar da nake ba ku labari, 'yar Malam Sanda, Zakiyya, da ke aiki a Abuja, ta aiko masa da madubin hangen nesa. Ranar kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya rataya shi a wuya har cikin shago, yana ɗinki madubi na dukan keke.

Ya ce wa Kolo, "Bana sai dai ka ji a bakina."

Kolo ya ce, "Shamuwa bai san madubi ba, mutum ya sani."

Sai ga ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙanshi. Unguwar su Kolo kowa ya kasa kunne yana jiran magana.

Washegari Malam Sanda bai samu fita ba. Wata mai ɗinkin biki ta yi masa sammako, ta kafa kujera a ƙofar shago, ta ce ba inda za ta sai da kayanta. Yana cikin taka keke rai a ɓace, sai ga Kolo ya leƙo, baki har kunne.

"Tela, ajiye madubinka. Ya zo. Guda ɗaya, can ƙololuwar maɗaci. Na riga na faɗa wa mutane."

Sanda ya ji kamar an kwaɗa masa mari. Yana sallamar matar ya rufe shago, ya tari keke napep, ya nufi layin dogo. Ya ce in ma an kayar da shi, to gara ya ga tsuntsuwar da idonsa.

Ya hau dutsen, ya hangi ƙololuwar maɗaci. Lallai ga wani abu baƙi, ƙasansa fari, yana ɗan motsi. Ya ɗaga madubi, ya murza, ya sake murzawa.

Leda ce.

Baƙar leda ce irin ta cefane, iskar jiya ta ɗauke ta ta maƙala a reshe, ta haɗe da wata fara a ƙasanta. Iska na kaɗa su, suna ɗagawa suna sauka.

Malam Sanda ya yi dariya har sai da ya zauna daɓas a kan dutse. Ya yi dariya har Mai Unguwa, guzan nan da ba ya motsi, ya sulale cikin ruwa. Shekara da shekaru ana ce masa ido ya ƙare a kafar allura, yau ga gwanin gani ya tara unguwa a kan ledar cefane. Tun kafin ya sauko daga dutsen ya gama tsara yadda zai ba da labarin, har da inda zai tsaya a yi dariya. Har suna ya tanada: Kolo Mai Leda. Kun dai san mutanenmu, in irin wannan suna ya kama mutum, har jikokinsa da shi za a riƙa kwatanta su.

Bai zame ko'ina ba sai teburin Rilwanu. Ya tarar da benci a cike.

Ya gyara zama, ya ce, "Jama'a, kun san abin da na gano yanzu kuwa?"

Kowa ya juyo. Daidai nan Rilwanu ya sunkuyo zai ajiye masa shayi, ya rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam, abokinka lafiya kuwa? Ɗazu na miƙa masa kofi, ya kai hannu gefe, shayi ya zube. Karo na biyu ke nan. Na ce sulɓi kofin ya yi, don kada ya ji kunya."

Maganar da ke bakin Malam Sanda ta tsaya cak.

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Ya tuna Kolo ya daɗe bai nuna masa tsuntsu da yatsa ba. Yanzu sai dai ya karkata kai ya ce, "Cilakowa ne wannan," bayan ta yi kuka. Ya tuna ranar da kurege ya tsaya a gabansu, Kolo bai ce komai ba sai da shi Sanda ya yi magana. Ya tuna yadda Kolo ya daina hawa kekensa, wai gwiwa ke damunsa. Duk wannan ya faru a gabansa, shi kuwa hankalinsa na kan gasa da sabon madubi. Tausayi ya kama shi.

Wani daga benci ya ce, "Malam, muna jin ka. Me ka gano?"

Ya kurɓi shayi, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya ce, "Na gano cewa Rilwanu ya fara yi wa madara rowa."

Aka yi masa ca, wai dama abin da ya tara su a kai ke nan. Ya shanye shayinsa ya tashi.

Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Mutumin da labari ba ya yini a cikinsa, yau ga labarin da ya fi kowanne daɗi, kuma ya haɗiye. A gida ya zauna shiru har matarsa Sakinatu ta tsargu.

Ta ce, "Malam, ko zazzaɓi ne? Tunda ka shigo ko gulmar 'yan siyasa ban ji ba."

Ya ce, "Lafiya lau."

Ta ce, "To madalla. Na haɗu da Rose matar Baba Kolo a Kure. Ta ce unguwarsu kowane gida ɓarar gyaɗa ake yi, gobe da sassafe za su fita shuka."

Ashe shirun ma ba zai wadatar ba. In ya yi magana a bainar jama'a, mutuncin abokinsa ya zube. In ya yi gum, mutane su zuba irinsu a ƙasa a kan maganar leda, in ruwa ya ɗauke kuma ba wanda za a zaga sai Kolo. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Ya iske Rose a tsakar gida da maƙwabtanta mata, ga tire-tire na gyaɗa a gabansu.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ka zo gaida wanda ya kayar da kai?"

Ya yi murmushi ya ce, "Na zo ya raka ni ne, ya nuna mini."

Suka fita su biyu. A hanya Sanda ya lura da yadda Kolo ke ɗaga ƙafa sama-sama, yana tafiya daf da shi. Sai ya rage sauri.

Da suka hau dutsen, ya cire madubi daga wuya ya miƙa masa. "Duba da wannan."

Kolo ya kafa a ido, ya daɗe. Ya sauke, ya goge da gefen riga, ya sake kafawa.

Sanda ya ce, "Me ka gani?"

Kolo ya sauke madubin. Can ya ce, "Hazo."

Sanda ya ce a hankali, "Kolo, leda ce. Baƙa da fara, iska ta maƙala su."

Iska ta taso, har daga ƙasa ana jin ledar tana fat-fat. Kolo ya karkata kai ya saurara, sai ya yi wata 'yar dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Ya ce, "Tun bara abin ya fara. Ko Rose ban gaya masa ba. Sanda, noma yara sun karɓa. Coci ma matasa ne a gaba yanzu. Wannan shamuwa kaɗai ya rage da mutane ke zuwa ƙofata dominsa. In na ce ba na gani, me ya saura?"

Ya share ido, ya juyo. "Su wa ka gaya wa? Faɗa min gaskiya. Na san ka biya wajen Rilwanu."

"Na biya."

"To shi ke nan."

"Na biya, na sha shayi, na tashi. Ko Sakinatu ba ta sani ba. Kai ne na farko, kai ne na ƙarshe."

Kolo ya daɗe yana fuskantarsa. Ya ce, "Kai? Sanda?"

Sanda ya ce, "Ni ma na yi mamaki. Har yanzu bakina ƙaiƙayi yake yi, don haka tashi mu je ka tsayar da mutanen nan kafin in fashe. Batun ido kuma, ina jin yanar ido ce. Ana cirewa. Ni zan raka ka asibiti."

Suka koma. Kolo ya tsaya a tsakar gidansa ya ce wa matan, "Ku mayar da iri, ku gaya wa kowa a dakata. Na yi gaggawa. Abin da na gani ba shamuwa ba ne. Idona ya fara gajiya."

Wata ta juya wajen Sanda. "Malam, kai da kake da madubi, to mene ne?"

Ya ce, "Yadda ya faɗa muku. Ba shamuwa ba ce."

Iyakar abin da aka ji daga bakinsa ke nan. Ledar kuwa ta yi kwanaki tana kaɗawa a kan maɗaci, ba wanda ya ɗaga kai ya gan ta, har wata iskar ta yi gaba da ita.

Ruwa ya ɗauke, aka yi rana mai ƙuna. Mutanen unguwa suka riƙa cewa Allah ya saka wa Baba Kolo da alheri, dattijon da ya fito ya gyara maganarsa da kansa. Aka duba idon, yana ce kuwa, aka yi masa aiki a ido ɗaya. Sanda ne ya yi ta jigila da shi, har masu ɗinki suka fara ƙorafi.

Kolo na kwance da bandeji a ido shamuwa suka iso, na gaske, garke guda. Sanda shi kaɗai a kan dutse ya gan su suna sauka. Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, ya juya zai yi magana, ba kowa a gefensa. Sai ya sauko ya tafi ya gaya wa Kolo. Kolo ya aika a faɗa wa unguwa cewa Malam Sanda ya ga shamuwa, a fita shuka. Aka shuka, ruwa ya zauna.

Da damina ta yi nisa, ido ya warke, Kolo ya ce masa, "Gobe in ka yi sallah, kada ka je dutse. Same ni a gida, ka zo da madubinka."

Suka hau keke napep har inda kwalta ta ƙare, suka ci gaba da ƙafa cikin raɓa. Suka wuce gonakin doya, suka zaga bayan wani tsauni, inda tsohuwar gonar mahaifin Kolo take. Sanda na ta tambayar ina za su, Kolo na ce masa ya rufe baki tunda yanzu ya iya.

Suka tsuguna a bayan wani dutse. Gari ya gama wayewa. Sai Sanda ya ji wata murya mai kauri daga cikin ciyawa, gum, gum-gum, kamar ana buga ganga daga nesa.

Kolo ya taɓa shi, ya nuna da yatsa.

Ga su nan su biyu, baƙaƙe, manya kamar talotalo, suna takawa a hankali suna tsintar fara. Na gaba maƙogwaronsa ja, ta baya nata shuɗi. Burtu ne, da ransa, yana tafiya da ƙafarsa.

Malam Sanda ya ɗaga madubi. Ya ga dogon bakin, ya ga tudun da ke samansa. Sai ya ga abin da busasshen kai bai taɓa nuna masa ba: gashin ido zara-zara, tsuntsun yana lumshe su yana buɗewa. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan tsuntsayen sun shige ciyawa, ya ce, "Tun yaushe suke nan?"

Kolo ya ce, "Tun babana yana da rai ake samun su a nan. Suna ƙwai a kogon wancan icen."

"Kuma kana jin ina roƙon Allah shekara da shekaru, kana ce min amin?"

"Da gaske nake amin ɗin. Amma da na kawo ka a lokacin, kafin azahar Kure ya ji, kafin la'asar maharba sun zo neman kai." Ya dafa kafaɗarsa. "Ranar da ka riƙe min maganar leda, na ce wannan zai iya riƙe burtu."

Malam Sanda ya gyaɗa kai. Sai ya cire madubin ya rataya wa Kolo a wuya, suka zauna suna jira ko tsuntsayen za su sake fitowa.

Labarin ledar, Baba Kolo da kansa yake ba da shi yanzu a teburin Rilwanu, yana dariya, a nan ni ma na ji. Inda burtun suke kuwa, kada ku cika min akwatin saƙo da tambaya. Na tambayi Malam Sanda har na gaji, duk lokacin da na tayar da zancen sai ya ce Rilwanu ya fara yi wa madara rowa.

Darasi: In ka ga kuskuren ɗan'uwanka, kada ka mai da shi abin dariya a gaban mutane, kada kuma ka yi shiru har ya cutar da wasu. Ja shi gefe ka gaya masa gaskiya, ka bar shi ya gyara da mutuncinsa. Wanda ya iya rufa asirin abokinsa, shi ake amince wa da abin da ya fi daraja. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san bakinsa na yawan ƙaiƙayi.